Zinki, maganisiyam ko baƙin ƙarfe: wanne jiki ke cinyewa lafiya?

Ɗan'uwa, ka ce an sa wa ƙanenka ƙarfe a cinya bayan hatsarin babur, kuma za a sake yi masa aiki a cire. Sai ka ji labarin ƙarfen da ke narkewa da kansa a jiki, kana tambaya ko zinki ya fi maganisiyam da baƙin ƙarfe. Allah ya ƙara masa sauƙi.

Duk ukun tsatsa suke yi a jiki, da gangan. Bambancin shi ne saurin cinyewar da abin da suke bari a baya.

Maganisiyam mai gaggawa ne. Idan ya haɗu da ruwan jiki yakan fitar da iskar haidurojin, wani lokacin ta taru ta yi kumburi a ƙarƙashin fata, kuma yana iya rasa ƙarfinsa kafin ƙashi ya gama haɗewa. Duk da haka shi ne ya riga sauran shiga asibiti: ƙusar MAGNEZIX ta kamfanin Syntellix na Jamus ta samu izinin Turai a 2013, sai ragar buɗe jijiyar zuciya ta Magmaris a 2016.

Baƙin ƙarfe kuwa ƙarfi kam akwai, sai dai nawa. Yakan daɗe ƙwarai, tsatsarsa ta zauna a nama ta ƙi tafiya.

Zinki na tsakaninsu, shi ya sa ake ta maganarsa. A 2013 masu bincike a jami'ar Michigan Tech ta Amurka suka dasa siririyar wayar zinki a babbar jijiyar jinin ɓeraye, suka bi ta tsawon watanni. Abin da jiki ke ci daga jikinta a shekara bai kai kaurin silin gashi ɗaya ba, wato kusan saurin da ake nema. Ba ya tara iska irin ta maganisiyam, domin iskar oksijin yake amfani da ita wajen yin tsatsa, sai wani farin ɓawo ya lulluɓe shi ya rage masa gudu. Ka tuna kwanon rufi: zinkin da aka shafa masa ne ke hana damina cinye shi da wuri.

Jiki ma ya san shi. Akwai giram 2 zuwa 3 a jikin babban mutum, namiji na bukatar wajen miligiram 11 a rana, mace 8. Shi ne dai ƙwayar da ake haɗa wa yara da ruwan gishiri da sukari idan suna gudawa. Amma kar wannan ya ruɗe ka. Idan ya taru da yawa a wuri guda yana kashe ƙwayoyin halitta, an sha ganin haka a gwajin ɗakin bincike, ko da yake a jikin dabba jini kan kwashe shi a hankali.

Inda ya gaza shi ne ƙarfi. Tsantsarsa laushi gare shi. Yana narkewa a wuta a digiri 420 kawai na ma'aunin Celsius, don haka ko a ɗumin jiki, idan nauyi ya daɗe a kansa, sai ya riƙa lanƙwasa sannu-sannu. Dole ake gauraya shi da tagulla, azurfa, litiyam ko ɗan maganisiyam, kowane haɗi kuma yana sauya yadda yake cinyewa.

A ganina, wajen daidaiton tsatsa zinki ne a gaba, wajen gogewa a jikin mutane maganisiyam ya ba shi rata. Maganisiyam ɗin ma a ƙananan ƙasusuwa ake sa shi, kamar na yatsun ƙafa. Ƙashin cinya da ke ɗaukar nauyin mutum har yanzu sai taitaniyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Ku tambayi likitan ƙashin ko cirewar dole ce, don ba kowane ƙarfe ake cirewa ba idan bai dami mai shi ba.