Illar amiodarone: ƙarar kamfani ko ƙarar likita?

A Amurka, wanda amiodarone, wani maganin rikicewar bugun zuciya, ya lalata wa huhu ko hanta yana da hanya biyu zuwa kotu.

Ƙarar kamfani ta fi wuya. Yawancin marasa lafiya ba samfurin asali, Cordarone, suke sha ba, na kamfanonin da suka kwaikwayi haɗinsa ne. A 2011, a shari'ar PLIVA da Mensing, Kotun Ƙoli ta hana a kama irin waɗannan kamfanoni da laifin ƙarancin gargaɗi, tunda doka ta tilasta musu kwafe takardar gargaɗin samfurin asali. Shari'o'i da dama nan suke mutuwa.

Ƙarar likita ta fi buɗewa. A 1985 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da maganin don rikicewar bugun zuciya mai barazanar kisa kawai. Ba laifi ba ne a rubuta shi don wata larura, amma in ba a yi hoton ƙirji da gwajin numfashi tun farko ba, ko aka daina duba hanta a kai a kai, akwai magana. Sai dai dole wani ƙwararren likita ya ba da shaidar sakaci, kuma wa'adin shigar da ƙara a jihohi da yawa shekara biyu ne. A fara da karɓo fayil ɗin asibiti da rasit na kantin magani.