Jirgin ledar da zan aiko wa autanka daga Faransa

Yaya, ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Inna? A gaishe ta ƙwarai, a gaida yara baki ɗaya.

Na saurari saƙon da autanka ya aiko ta wayarka, wai in sayo masa jirgin leda irin na Turawa, mai igiya biyu, wanda ya gani a bidiyo. Muryarsa ta mai da ni lokacin da ni da kai muke tsintar leda a bayan Kasuwar Dolle a Damagaram, mu tsaga kara, mu warware zaren buhu, mu yi ta gudu har mu gaji, abin ya ɗan ɗaga ya yi juyi uku ya kifa ƙasa. Zan aiko masa, in sha Allahu, amma ba mai igiya biyu ba. Ka karanta masa dalili, kada ya ce Baffansa ya yi masa rowa.

A nan sunansa cerf-volant, kuma ba yara kaɗai ke wasa da shi ba. Akwai wani gari a bakin teku, Berk, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Lil inda muke zaune. Tun 1987 suke yin bikin wannan wasa a watan Afrilu, mutane na zuwa daga ƙasashe daban-daban. Wani garin, Diyef, nasa bikin ya ma girme shi, tun 1980, shekara biyu-biyu. Bana na kai ɗiyata Berk. Yaya, na ga kifi na yadi ya fi tirela tsawo yana lilo a sama, an ɗaure igiyarsa a ƙasa don ba mai iya riƙe shi. Na ga tsofaffi masu furfura su huɗu a jere, kowa da nasa, suna juya su tare kamar dawakin hawan Salla a ƙofar fada. To irin waɗannan ne yaronka ya gani. Masu tuƙa su sun yi shekaru suna koyo. Mai igiya biyu gudu gare shi, sai da hannu biyu da suka san aikinsu, sai kuma wani ya tsaya yana tayar maka duk lokacin da ya faɗi. A hannun sabon shiga, faɗuwa yake da baki, sandarsa ta karye ranar farko, idan ma bai sauka a kan wani ba. Yaro ɗan shekara shida ba abin da zai samu a ciki sai kuka.

Na san kukan, don na ji shi. A hanyar shiga bikin na tsaya wajen wani mai tebur, ɗiyata ta nuna wani mai hoton tsuntsu, launi kamar me, na biya. Ledarsa sirirya ce, sandunansa na roba. Ko rabin awa bai yi ba iska ta karya ƙashin bayansa. Da na koma, mai tebur ya ce ba ruwansa. Har a nan ma akwai kayan da aka yi don ido kawai.

Inda suka fi mu shi ne babban kanti. A Decathlon, kantin kayan wasanni da aka fara buɗewa kusa da Lil a 1976, kowane jirgi an rubuta a jikin jakarsa shekarun yaron da ya dace da shi da ƙarfin iskar da yake tashi a ciki. Kayan wasan yara ba a sayar da su sai da tambarin CE, alamar cewa sun bi ƙa'idojin tsaro na Turai, kuma dole a rubuta gargaɗi cewa kada a tayar da shi kusa da wayar kuran ko lokacin tsawa. Sabon kaya yana da garanti na shekara 2 bisa doka idan lahanin daga masana'anta ne. Mu a gida, in ka sayi kayan wasa a Dolle, daga ka juya baya ciniki ya ƙare, kuma ban ga laifin ɗan kasuwa ba, shi ma haka ya saro daga Kano ba takarda ba bayani. Kuɗin kuwa, na ga na yara mai igiya ɗaya a wajen yuro 10. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ka ga ya kama jika shida da rabi. Mai igiya biyu na kirki ya ninka haka sau uku ko fiye.

Abin da ya fi kantin amfani a gare ni shi ne wata rumfa a wurin bikin inda ake koya wa yara haɗa nasu. Wani dattijo ya zaunar da mu ya nuna mana iri-iri. Ya ce wa mai farawa ba kamar mai kusurwa uku, wanda suke kira delta. Faɗinsa mita ɗaya ko ɗaya da rabi, yana da wani ɗan yadi a ƙirji inda ake ɗaura igiya, shi ke hana shi karkata. Iska kaɗan ta ishe shi, kuma idan ta yanke ba ya faɗowa kamar dutse, saukowa yake a hankali. Akwai wani marar sanda ko ɗaya, iska ce ke hura shi, a naɗe shi a sa aljihu. Ba abin karyewa a jikinsa, sai dai yana son iska da ɗan ƙarfi, kuma rairayi na shiga aljihunansa ya yi masa nauyi. Sai mai kusurwa huɗu, irin namu na da.

A kan wannan na ƙarshe ne ya warware mini abin da ya dame mu tun muna yara. Namu shimfiɗe yake kamar faifai, shi ya sa yake juyi. Sandar da ke gicciye ana ɗan lanƙwasa ta baya da zare, kamar baka, sai iska ta rabu biyu daidai ta hagu da dama. Jela kuma tamu gajera ce. Ana son ta ninka tsawon jirgin sau biyar ko shida. In yana juyi, ƙara jela. In ya ƙi hawa yana ja kawai, matsar da ƙullin igiya sama kaɗan wajen kai. Ɓangarorin biyu su zama daidai wa daida a nauyi da faɗi. Iyakarta ke nan. Da wani ya faɗa mana wannan a lokacin, da namu ya wuce saman Birni.

Gudu ma ba a yi. Yaro ya ba iska baya, wani ya ɗauki jirgin ya yi nisan taku ashirin, ya saki idan iska ta buso, yaron ya ja igiya a hankali.

Iskar da ake so tsakanin kilomita 10 ne da 25 a awa. Ba sai da na'ura ba. In ganyen dogon yaro na kaɗawa ba tsayawa, tuta ta miƙe, lokaci ya yi. In ƙura ta tashi har ƙananan itatuwa na rangaji, a naɗe a koma gida. A nan muka fi su nesa ba kusa ba. Su sai sun yi tafiya zuwa teku, rabin kwanakin ma ruwa ake yi. Mu hunturu na kawo mana iska daga gabas maso arewa wata da watanni, kyauta, ga fili. Abin lura kawai, kada a tsaya a bayan gini ko gindin manyan duwatsun nan namu, don iskar da ta tsallako dutse a hargitse take zuwa. A fita sarari, a kauce wa aduwa da bagaruwa, ƙayarsu ba ta barin leda.

Mun kuma fi su da hannu. Yaron nan na Turai an saya masa; namu da ke ƙera motar kara, garin da ake Wasan Kara, ba jirgi zai gagare shi ba. Yadin da ake yi da shi a nan nailan ne mai layi-layi da ke hana yagewa ta yi nisa, kuma yadin tsohuwar laima ya kusa kama shi. Telan unguwa zai ɗinka cikin ɗan lokaci in ya ga samfuri.

Roƙona ɗaya, kuma da gaske nake. Kada su yi kusa da wayoyin kuran na Nigelec, ko gefen titi, ko wajen filin jirgi. In ya maƙale a waya, a bar shi, kada wani ya hau ko ya sa sanda. In hadari ya haɗu, ba wasa. Igiya kuma ban da waya, ban da zaren kamun kifi, yana yanka yatsa kuma ba a ganinsa.

Na sayi delta biyu, ɗaya na auta, ɗaya na ƴan'uwansa mata, don su ma su riƙe igiya. Na haɗa da sandunan fiba na canji da ƙarin igiya mai mita 50 a kan mariƙinta. Wani ɗan garinmu zai zo ganin gida a ƙarshen Oktoba, zan ba shi, su iso kafin hunturu ya kama. Ɗaya daga ciki ka kai wa tela ya auna ya zana a takarda kafin yara su taɓa shi. Ranar da ya fara tashi ku ɗauko mini hoto, ɗiyata na jira ta gani.