Inda na kai Actros ɗina wankin filtar hayaƙi a Ngaundare

Duk mai tirela samfurin Euro 6, wato mai bin ƙa'idar hayaƙi ta Turai, da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare a Kamaru zuwa Njamena ya san wannan fitilar gargaɗin toshewar filtar hayaƙi da ke kamawa a gaban direba, daga nan mota ta fara ja da ƙyar. Tawa ta yi mini haka a hawan dutsen nan da ake kira falez, ina dawowa daga Garwa, kuma ba kaya a bayanta. Makanikai biyu na fara nuna wa, bakinsu ɗaya: a kwance filtar, a fasa cikinta, a rufe wa kwamfutar ido. Na ƙi. Motar da aka yi wa haka hayaƙinta yaron mota ne ke fara shaƙarsa, sai masu talla a bakin hanya, kuma ranar sayarwa darajarta ta faɗi.

Wani abokin sana'a ne ya kwatanta mini wani gareji a hanyar fita gari. Wurin ba shi da kyan gani, rumfar kwano ce da injina a ciki, amma maigidan ya san aikinsa. Bai taɓa sifana ba sai da ya jona kwamfuta ya karanta abin da na'urar auna matsin iska ke faɗa. Da aka sauke filtar, wadda su ke kira FAP, ya ɗora ta a sikeli ya rubuta nauyinta da alli a jiki. Ya haska mini cikinta da tocila: tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an toshe wannan ta gaba, na kusa da shi ta baya, don dole hayaƙi ya ratsa bango ya bar dattinsa.

Bayaninsa ne ya fi burge ni. Ya ce, “Alhaji, datti iri biyu ne a nan. Kunkunniya mota na ƙone ta da kanta idan salansa ta yi zafi wajen digiri 600. Toka kuwa daga baƙin mai take zuwa, wuta ba ta cin ta, sai an fitar.” Ya gasa filtar a tandarsa ta kwana, ya bari ta huce a hankali don kada ta tsage, sannan suka bi ramukan da iskar kwamfuresa. Tokar da ta zubo fara-fara ce, mai laushi. Aka sake aunawa a gabana, na ga bambancin da idona. Wasu da ruwan wankin mota suke fesa ta, shi ya ce ba ya yi.

Bai tsaya nan ba, ya nemi dalilin toshewar, ya gano injekta ɗaya, wato abin da ke fesa wa inji mai, na zubar da mai fiye da kima. Ya kuma ja mini kunne kan abubuwan da mu direbobin wannan hanya muka saba. An ƙera waɗannan motoci ne don gazuwal ɗin Turai mai ƙarancin farar wuta, wanda bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, don haka man jarka na bakin titi guba ne gare su. Baƙin mai ma sai mai ƙarancin toka, irin wanda aka rubuta E6 ko E9 a jikin galan. Sannan barin inji na aiki a tsaye, yadda muke yi a layin Kusiri kafin a tsallaka gadar Ngeli a shiga Njamena, yana tara kunkunniya don salansa ba ta ɗaukar zafi.

Inda suka gaza shi ne kayan gyara. Ba su ajiye gaskit da maɗaurin filtar ba, sai da aka aiko daga Duwala, ni kuwa ga kaya na jira, ga mai kaya na ta bugo waya. Ya kamata a faɗa wa mutum wannan tun kafin a kwance masa mota. Wurin zama ma babu, sai benci ɗaya a rana.

Kuɗin aikin bai kama ƙafar kuɗin sabuwa ba, ya kuma ba ni takarda da nauyin farko da na ƙarshe. Ya gaya mini gaskiya cewa filtar da ta tsage ko ta narke ba ta wankuwa, sai canji. Tun daga lokacin na je Njamena na dawo da cikakken lodi, fitilar ba ta sake kamawa ba. Wanda zai je, ya sayi gaskit ɗinsa ya riƙe a hannu.