Na'urar auna zafi da danshi a gida: wacce ta cancanci kuɗinka

Idan kana son fankar banɗaki ta riƙa tashi da kanta bayan wanka, ko na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da zarar sanyi ya yi daidai, to komai ya rataya ne a wuyan 'yar ƙaramar na'urar da ke auna zafi da danshin iska. In ta faɗi ƙarya, duk umarnin da ka tsara ƙaryar zai bi. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar kada danshin cikin gida ya haura kashi 60 cikin ɗari, in da hali ma ya tsaya tsakanin 30 da 50, domin daga kashi 60 zuwa sama ne funfuna ke samun gindin zama a bango da tufafi da littattafai. Ke nan kuskuren kashi biyar ba abin rainawa ba ne.

Kafin ka kalli kyawun na'ura, tambayi ta wace hanya take aika saƙo, Wi-Fi ne ko Bluetooth ko Zigbee, wato hanyar sadarwa mara waya da aka yi wa ƙananan kayan gida. Ni dai Zigbee nake bai wa kowa shawara, kuma a cikin masu Zigbee ɗin, Sonoff SNZB-02D ce ta kwanta mini a rai.

Tana da fuska mai nuna digiri da danshi baro-baro, don haka wanda ba ya riƙe da waya ma zai ɗaga kai ya gani. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin da ido kake fara gane cewa abin da ke bango da abin da manhaja ke nunawa sun saɓa. Batirinta CR2450 ne, wanda ya ninka CR2032 da yawancin takwarorinta ke ɗauka fiye da sau biyu wajen riƙe caji. Kamfanin ya ce kuskurenta bai wuce digiri 0.2 a zafi da kashi 2 a danshi ba. Babban abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne ba ta tilasta maka manhajar kamfaninta. Ka haɗa ta da Home Assistant, manhajar sarrafa kayan gida da ke aiki a kwamfutar cikin gidanka, ta hanyar Zigbee2MQTT ko ZHA, manhajojin da ke sada ta da kayan Zigbee, lissafinta ya tsaya a cikin gidanka, ko da intanet ko babu. Ga kuma ɗabi'ar Zigbee ita kanta: yawancin soket da ƙwayayen fitila masu Zigbee da ke jone da wuta sukan karɓi saƙo su miƙa gaba, sai zangon ya riƙa faɗaɗa yayin da kake ƙara kaya. Sharaɗin kawai shi ne sai ka sayi akwatin cibiya ko 'yar sandar USB da za ta tattara saƙonnin. Sau ɗaya za ka saya, ta ɗauki na'urori da dama.

Sauran fa? Ta Aqara ƙarama ce, tana auna har da nauyin iska, amma ba ta da fuska, kuma tsofaffin samfurinta sun yi suna wajen ɓallewa daga layi in aka cakuɗa su da kayan wasu kamfanoni. Xiaomi LYWSD03MMC tana da araha da fuska, sai dai Bluetooth ce, bango biyu ya ishe ta shiru. SwitchBot da Govee ma mafi yawansu Bluetooth ne, sai ka ƙara akwatinsu kafin ka ga komai daga nesa. A masu Wi-Fi, Shelly H&T kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, don tana aiki ba tare da kwamfutocin kamfani ba, amma Wi-Fi cin batir gare shi, shi ya sa take yawan barci tsakanin rahoto da rahoto. Z-Wave kuwa, wata hanyar sadarwa mai kama da Zigbee, kowane yanki da mitarsa, ta Turai daban ta Amurka daban, kana iya sayo wadda ba za ta yi magana da akwatinka ba. Matter, tsarin haɗa kayan kamfanoni daban-daban wanda ya fito a 2022, yana da makoma, amma zaɓin na'urorin auna danshi a kansa bai kai na Zigbee yawa ba.

Akwai tambayar da ba na sassauci a kanta: in intanet ya ɗauke, na'urar za ta ci gaba da ba da umarni? Na taɓa dogara da wata mai Wi-Fi don ta riƙa tayar da na'urar tsotse danshi a ɗakin da nake ajiye littattafai. Saƙonta sai ya je kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin ya dawo soket ɗin da ke kusa da ita. Kamfanin ya sauya manhaja, umarnin ya daina aiki ba tare da wata sanarwa ba, ban ankara ba sai da warin funfuna ya bugi hancina, wasu littattafan kuma ba su gyaru ba har yau. Wannan ba tsautsayin mutum ɗaya ba ne. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka, mai ƙera irin waɗannan kayan gida, ya kashe kwamfutocinsa dare ɗaya, masu kayansa suka wayi gari manhaja ba ta aiki, sai daga baya wasu suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Duk na'urar da ba ta motsi sai da izinin wani can nesa, aro ce a hannunka.

Sai batun jabu, wanda a nan ne aka fi cutar mutane. Kasuwar intanet cike take da fararen na'urori marasa suna, jiki iri ɗaya, hoto iri ɗaya, amma abin da ke ciki ya sha bamban daga wannan kwali zuwa wancan. Abin da ke yin awon wani ɗan ƙwaya ne a ciki. Na kirki irin su SHT40 na kamfanin Sensirion na Suwizalan kuskurensu bai cika kai kashi 2 ba a danshi, BME280 na Bosch kashi 3, shi kuwa tsohon DHT11 yakan kauce da kashi 5 a danshi da digiri 2 a zafi. Mai talla zai rubuta cewa ƙwayar Suwizalan ce a ciki, amma ka nemi lambarta ka rasa. In bai faɗi lamba ba, ɗauka babu. Kada kuma yawan lambobi bayan ɗigo ya ruɗe ka. Na'ura tana iya nuna 24.37 alhali gaskiyar 26 ce. Wasu kuma sukan liƙa tambarin Zigbee a hoto, kaya ya iso ka tarar Wi-Fi ne, ko Zigbee ɗin ne amma ba ya jituwa sai da akwatin kamfaninsu. Kafin ka biya, nemi lambar samfurin a jerin na'urorin da Zigbee2MQTT ya amince da su, kyauta ne dubawa. Hatta batir ana yin jabunsa, ya zo da suna babba a jiki ya mutu cikin 'yan makonni, kai kuma ka ɗora wa na'ura laifi. Araha ba ta ado. Kuma waɗannan batura masu kama da kwabo a nisanta su da yara, haɗiye su na iya ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.

Da zarar kaya ya iso, gwada shi tun ana iya mayarwa. Zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga ruwa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. Saka shi tare da na'urar a roba mai rufuwa ruf, ajiye inda zafi ba ya hawa da sauka, ka bar su kwana guda. Iskar ciki za ta tsaya a kusan kashi 75. In na'urar ta nuna 73 ko 77, gyara bambancin a manhaja. In ta nuna 65, mayar wa mai ita.

Wurin liƙawa ma yana lalata awon na'urar kirki. Kada rana ta haske ta kai tsaye, kada ta zauna a kan talabijin ko bakin iskar na'urar sanyaya ɗaki, kuma mai jone da wuta takan ɗan ɗumama kanta ta ƙara digiri. A banɗaki nemi mai alamar IP65, wato mai jure ƙura da ruwa, ka nisanta ta da feshin ruwa. Wajen tsara umarni kuma bar tazara: fanka ta tashi a kashi 70, ta mutu sai danshi ya sauka 60. In ka sa lamba ɗaya ga kunnawa da kashewa, za ta yi ta tashi tana mutuwa har injinta ya gaji.