Kaftani huɗu da babbar riga ɗaya: sharhina kan wani tela a Ƙofar Ƙaura

Shagon ƙarami ne, a wajen Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, kuma yawancin masu kai masa ɗinki ma'aikatan ofis ne da malaman makaranta. Wani abokin aikina ya haɗa mu bayan an ba ni shugabancin sashe. Buƙatata ita ce kayan da zan shiga taro da su a ɗauke ni da muhimmanci, ba tare da na cika durowa da tufafi ba. Damina da hunturu da bazara duk sun bi ta kan abin da ya ɗinka mini, saboda haka yanzu ina da bakin magana.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai bar ni na sayi yadi barkatai ba, alhali ribarsa ce. Cewa ya yi, "Yallaɓai, kala huɗu sun ishe ka daga Litinin zuwa Alhamis. Juma'a da ranar babban taro ka zuba babbar riga." Muka tsaya a kan ruwan toka, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa da ruwan madara, babbar rigar kuma fara. Dalilinsa na ƙaurace wa farin kaftani a ranakun aiki ya gamsar da ni: ƙurar hunturun Katsina kafin azahar ta zauna a wuya da bakin hannu, amma toka da ruwan ƙasa suna rufa asiri.

Wajen zaɓen yadi na fi amfana da shi. Biyu shadda, biyu yadi mara nauyi saboda watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke kaiwa digiri 40. Shaddar Getzner ta ainihi a Ostiriya ake saƙa ta, auduga ce, amma kwaikwayonta ya cika kasuwa. Ya raka ni Babbar Kasuwa, ya roƙi mai kanti ɗan ƙyalle, ya zaro zare ya kanga masa ashana. Auduga tana ci ta zama toka, tana ƙauri irin na takarda. Wadda aka gauraya da roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule. Irin wannan ce ke ɗaukar ido a kanti, wanki ɗaya ta dusashe, kuma ta riƙa dafa mutum a ofis idan an ɗauke wuta.

Sai awo. Ya auna ni a tsaye, ya sa na zauna, ya sa na miƙa hannu kamar zan yi rubutu. A nan na fahimci inda kwarjinin kaftani yake. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai kan ƙashin kafaɗa, bai zubo ba. Wuya ya kwanta, ba ya shaƙewa, ba ya hangamewa. Hannu ya ƙare a wuyan hannu, wando bai share ƙasa. Aikin gaba ɗan siriri ne, da zare launin yadin, sai an matso ake ganinsa. Na tambaye shi aikin kwamfuta mai faɗi da ake yayi, ya ce wannan na ɗaurin aure ne, a teburin taro rigar za a riƙa kallo, ba mai magana ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mu Katsinawa mun ga marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna daga 1999 zuwa 2007, suturarsa ba ta hayaniya, kuma wannan bai rage masa komai a idon jama'a ba.

Hula biyu zanna bukar suka wadatar, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, da takalmin fata sau-ciki baƙi.

Akwai inda bai kyauta ba. Alƙawarinsa ba ya cika a kan lokaci. Babbar rigar ta faɗo gab da Sallah, ta makara sosai, kuma idan aiki ya yi masa yawa ba ya ɗaga waya, wanda ya ɓata mini rai fiye da jinkirin. Maɓallan da ya fara sawa ma na roba ne masu arha, ba su dace da shaddar ba, sai da na sayo wasu ya canza. Kuɗin ɗinkinsa ya ɗara na maƙwabtansa, amma wannan ban ƙi ba, don har yau ko zare ɗaya bai warware ba, aljihu bai huje ba.

Kulawa ita ce sauran aikin, kuma shi ya koya mini. Shadda a ba masu bugu, kada a cika mata sitaci, a shanya ta a inuwa a birkice don kada rana ta cinye launin. Shuɗin ya ɗan sauka kaɗan a kafaɗa, sauran suna nan yadda suke.

Zan koma wurinsa in ƙara kala ɗaya mai duhu, amma a watan Rajab zan kai yadin, tun kafin ɗinkin Sallah ya rufe shagon.