Cibiyar koyon sana'ar da ƙanina ya shiga, ga abin da na gani

Tunda ana ta tambayata wai cibiyar nan ta matasa da ke unguwarmu a Kano tana da amfani ko dai ɓata lokaci ce, bari in faɗi nawa, don ƙanina ya yi wata bakwai a ciki kuma ni nake kai shi a mashin farkon farawa saboda in ba haka ba zillewa yake.

Wanda ya san Kurna ko Ɗorayi ya san me ake nufi da faɗan daba da ƙwacen waya. Yaron nan namu ya fara bin majalisar banza, ga shaye-shaye, ranar da Umma ta ga wuƙa a ƙarƙashin katifarsa wlh kwana ta yi tana kuka. Mai unguwa ne ya sa sunansa. Wata ƙungiya ce ke gudanar da wurin da kuɗin tallafin Amurka, kusan irin shirin Mafita da Ingila ta taɓa ɗaukar nauyi a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, kyauta ne har da ɗan kuɗin mota.

Ana koyar da walda da ɗinki da gyaran waya da haɗa sola, shi sola ya zaɓa. Kayan aikin ba laifi, sai dai mitar gwajin wuta ɗaya yara biyar ke rabawa. Amma gaskiya ba kayan ne suka riƙe shi ba, wani malami ne a wurin wanda shi kansa tsohon ɗan daba ne, tabon sara na nan a damtsensa bai ɓoye ba. Mutumin nan in yaro bai zo ba kwana biyu har gida yake binsa. Ya taɓa zuwa mana bayan magariba, ya zauna kan benci a zaure ya ce Umma ki daina tsine masa ki bar mini shi, sannan ya juya ya ce kai ɗan'uwa tashi ka wanke fuska muje sallar isha'i. Yaron da ba ya jin maganar kowa ya miƙe salin alin ya bi shi.

Sai zaman sulhu da suke yi duk wata, liman da masu unguwanni da 'yan sintiri da wani daga ofishin 'yan sanda, a zaunar da yaran layin nan da na wancan layin kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, wani lokacin har a kusa dambe amma dai a tashi an gaisa. Lokacin ma ana ta batun tubabbun 'yan daba da kwamishinan 'yan sanda Gumel ya karɓa a 2023, sai abin ya zo daidai.

Inda ban ji daɗi ba, cike fom ya yi yawa, kullum sa hannu kullum hoto da riga mai tambari, har yaran suka fara cewa mu fa an mayar da mu 'yan talla. Taro a otal kuwa da an tara kuɗin abincinsa an saya wa yara kayan aiki da ya fi.

Babban ciwon kuma shi ne yadda aka tsaya. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya ma aka rufe USAID, hukumar Amurka mai raba tallafin, ɗungurungum, kwatsam muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Kayan sallama da aka yi musu alkawari shiru har yau. Ni abin da ke min zafi, ga attajirai a garin nan, ga 'yan siyasar da ke kwasar yaran nan lokacin kamfen, amma a ce ɗan alawus ɗin malami guda sai an jira daga Washinton.

Duk da haka in an sake buɗewa zan ce ku kai 'ya'yanku ba tare da ɗar ba, kawai ku fara tambaya shirin na wata nawa ne kuma wa zai riƙe in masu kuɗin sun janye. Ƙanina yanzu yana bin wani ogan sola a Sabon Gari, malamin nan ne ya haɗa su da kansa, kuma har yanzu duk Juma'a malamin yana leƙowa gidanmu ba ko sisi.