RX100 VII ta aljihu ko a6400 mai canza lensi: wacce za ka saya?

Wani ɗan'uwa ya ce yana neman kyamarar ɗaukar bukukuwan dangi da hawan Sallah, ya kuma rasa wadda zai zaɓa tsakanin Sony RX100 VII da a6400. To malam, duka biyun a 2019 suka fito, kuma kada megafiksel ya ɗauke maka hankali, 20 ne da 24, ba wani rata ba ne. Ratar tana wurin sensa, wato ɗan faifan da haske ke sauka a kansa. Na RX100 milimita 13.2 ne da 8.8, na a6400 kuwa 23.5 da 15.6, girman filinsa gaba ɗaya ya ninka wancan sau uku da ɗoriya. Da rana tsaka da ƙyar ka bambance hotunansu. Amma a ɗakin taro bayan magariba, in ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu, zuwa 3200, fuskar amarya a RX100 takan yi yashi-yashi, aikin zaren da ke jikin babbar riga ya dame, ita kuwa a6400 tana riƙe da shi.

Sai dai akwai tarko. Lensin da a6400 ke zuwa da shi, 16-50mm, in ka janyo shi ƙarshe ƙofar haskensa takan tsuke zuwa f/5.6, sai ribar babban sensan ta kusa tafiya a banza. Dole ka sa kuɗin lensin 50mm f/1.8 a lissafi. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na f/5.6 sau goma, kuma shi ne ke narkar da abin da ke bayan mutum har fuskarsa ta fito ras. Tana kuma da wurin ɗora babbar filasha a ka, abin da RX100 VII ba ta da shi sam.

A filin hawa kuwa labari ya juya. RX100 tana janyo abu daga 24 har 200mm ba tare da ka canza komai ba. Sa shata, wato saurin ƙyasta hoto, a 1/1000 na daƙiƙa, za ka tsayar da doki yana sukuwa daga inda 'yan kallo ke tsaye. Kafin a6400 ta kai can sai ka ƙara sayen dogon lensi irin 55-210mm, ka kuma rataya jaka. Nauyin RX100 giram 302 ne, gangar jikin a6400 kaɗai 403. Batir kuwa, a gwajin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara, ta aljihun tana ba da hoto 260 a caji ɗaya, ɗayar 410, don haka kowacce ka saya, nemi batir na biyu.

Ƙura ce abin da mutane ba sa tunawa sai ta yi ɓarna. Duk sanda ka cire lensin a6400 sensanta a buɗe yake. Kashe ta tukuna, kifa bakinta ƙasa, ka juya wa iska baya, kuma kada ka canza a tsakiyar dawakai. In ƙura ta shiga, ɗan famfon roba mai hura iska yakan fitar da ita, amma kada ka hura da baki, yawu zai bar tabo. RX100 ba a buɗe ta, amma lensinta mai shiga da fita yakan ja ƙurar hunturu ciki, kuma in ta kai kan sensa ko ta maƙale a cikin lensin, sai mai gyara ya kwance ta.

Tunda biki ne kan gaba a buƙatarka, kuma yawancinsa da dare ake yi, a6400 da 50mm f/1.8 ta fi dacewa da kai. In ta hannu za ka saya, tsuke ƙofar haske zuwa f/11, ka ɗauki farin bango, ka faɗaɗa hoton a allo. Baƙaƙen ɗigo da ke maimaituwa a wuri ɗaya ƙura ce a kan sensa. A a6400 gogewa ce kawai, a RX100 kuwa a rage maka kuɗi ko ka bar ta.